A Saya da Kunne: Jawabi kan Sarin Sifikun Kwamfuta Masu Wufa



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka taso daga ɓangaren Najeriya da na Nijar, barkanmu da zagayowar wannan rana. Allah ya ƙara haɗa kanmu.

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a madadin masu kayan lantarki, kuma na zaɓi kaya guda ɗaya: sifikun kwamfutar tebur masu wufa. Samari masu buga gem suna nemansu, masu gidajen gem suna nemansu, haka ma magidantan da ke kallon fim a kwamfuta. Kaya ne mai riba, amma idan ka saro marar kyau daga Alaba ko Computer Village, ka biya mota, ka biya kwastan da duwan, ka kai shi Maraɗi ko Birnin Ƙonni, sannan ya ƙone a mako na biyu, ba ka da hanyar mayar da shi. Ka yi asarar kuɗi, ka kuma yi asarar abokin ciniki.

Mu fara da lambobin da ke jikin kwali. Idan kun ga 2.1, ana nufin ƙananan sifiku biyu da wufa ɗaya. Idan 5.1 ne, ƙanana biyar da wufa ɗaya. Wufa ita ke fitar da sauti mai kauri, irin rugugin bam ko injin mota. Muryar mutane kuwa daga ƙananan take fitowa. Ga mai tebur ɗaya a ɗaki, 2.1 ya wadatar. Shi 5.1 sai an zagaye ɗaki da waya, kuma sai kwamfutar tana da mafitar da za ta raba sautin gida shida. Wanda ya tara 5.1 a shago ba tare da oda ba, yakan yi kwantai.

Na biyu shi ne wat, kuma a nan aka fi cutar mu. Lambar da za ku nema ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, domin ita ce ƙarfin da sifikar ke iya riƙewa tana aiki ba tsayawa. Ga misali daga kamfanin Logitech: samfurin Z313 wat 25 ne na RMS, Z623 wat 200, babbansu Z906 mai 5.1 wat 500. To idan kamfani irin wannan ya tsaya a 500 a babban kayansa, me za ku ce da ɗan akwatin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, an rubuta masa 3000W PMPO? Wannan PMPO ba shi da ma'auni tsayayye, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Kwalin da babu RMS a jikinsa, a ajiye shi.

Na uku, wuta da fulogi, kuma wannan namu ne mu masu tsallaka iyaka. Najeriya da Gana sun fi amfani da soket mai ƙafa uku irin na Ingila. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin sun fi saba da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Kafin ka saro, ka san inda kayan za su sauka, ko ka haɗa da adafta mai kyau. Wutarmu duka tana tsakanin bolt 220 da 240 ne. Kayan gwanjo da aka yi don Amurka kuwa na bolt 120 ne, ana jona su kai tsaye sun tafi. A juya bayan wufar a karanta. Sannan a faɗa wa mai saye gaskiya: na'urar ƙara sautin tana cikin wufar, idan wuta ta yi sama da ƙasa ita ke fara ƙonewa, don haka sitabilaiza ba ado ba ce. Ga wanda wuta ba ta zama a unguwarsu, akwai ƙanana masu shan wuta ta USB, irin su Creative Pebble Plus. Ba su da ƙarfi sosai, amma batirin kwamfutar hannu yana ɗaukar su.

Na huɗu, Bluetooth. Samari suna son sa, kuma don jin waƙa ba shi da laifi. Amma sautinsa yana ɗan makara, sai a harba bindiga a gem, ƙarar ta biyo baya. Ga mai gem, a tabbatar akwai mashigar waya, wato ƙaramin ramin nan na milimita 3.5.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan kayan, ji ne ya kori gani. Kada ku biya kuɗin katan goma sai an buɗe ɗaya an jona. Ku sa fim mai yawan magana, na Kannywood ko na Indiya mai fassarar Hausa. Idan rugugi ya danne muryar 'yan wasa, ku duba ko akwai makunnin rage wufa shi kaɗai. In babu, ku bar shi. Ku ƙara sauti zuwa kashi uku cikin huɗu, ku saurara ko akwatin yana kakkarwa. Ku tsayar da fim ɗin ku kasa kunne, ko akwai gunji. Ku gwada sifikar dama daban, ta hagu daban, domin mai gem da su yake gane ta ina abokin gaba ke tahowa. A ƙarshe ku bar ta tana aiki kamar minti 20, ku taɓa bayanta. Wadda ta yi zafin da hannu ba zai zauna ba a Legas, ina ga bazarar Damagaram?

Sai batun hanya. Yawancin akwatunan wufa da matsattsen garin katako ake yin su, ruwa na taɓa shi ya kumbura. Kada a cire kayan daga sosonsu don a rage girman lodi, kada a ɗora musu buhuna, kuma da damina a lulluɓe su da tamfol.

Roƙona ga shugabanni shi ne ƙungiya ta buɗe littafi ɗaya, kowa ya riƙa rubuta samfurin da aka dawo masa da shi da dalilin dawowar. Cikin shekara guda za mu san abin da za mu daina sarowa, kuma mu je wa dilolin Legas da baki ɗaya mu nemi garanti a rubuce. Wanda ya tsallaka iyaka ya sayi kaya a hannunka, amanarka ya saya.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya kiyaye mana hanya, ya maimaita mana.