SHARI'A SAƁANIN HANKALI? WAIWAYE DAGA UNGUWAR ROMI



Sa'ad da aka nemi in gabatar da wannan lacca, wani abokin aikina ya ce mini, "Malam, kai da sana'arka nahawu da adabi, me ya kai ka zancen kotu da siyasa da tsaro?" Na amsa masa da cewa kalma ɗaya ce ta kai ni, watau kalmar hankali. Nufina a yau shi ne in nuna cewa yawancin asarar da muke yi a waɗannan fagage uku ba daga ƙarancin ilmi ko ƙarancin dokoki take tasowa ba. Tana tasowa ne daga barin wata tambaya mai sauƙi wadda kowace tsohuwa ta sani: wannan abu don me aka yi shi, kuma in an yi shi me zai biyo baya?

1. Kalmar Hankali

Asalin kalmar Larabci ne, daga aƙlu. A Larabci tushenta ɗaya da sunan igiyar da ake ɗaure ƙafar raƙumi da ita, abin da mu muke kira dabaibayi. Ashe tun daga tushe, hankali shi ne abin da ke riƙe mutum kada ya yi gaba gaɗi. Da kalmar ta shigo Hausa sai ta yi rassa. Muna cewa "yi hankali" in muna gargaɗi, muna cewa "a hankali" in muna nufin sannu. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan: Bahaushe yana kiran tarzoma tashin hankali, yana kiran zaman lafiya kwanciyar hankali. Watau a ganin masu wannan harshe, gari ba ya kamawa da wuta sai hankali ya tashi ya bar shi. Marigayi Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya lasafta hankali cikin siffofin da Hausawa ke auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da kunya. Ni kuwa ina so in ɗauki wannan ma'auni daga kan mutum guda, in ɗora shi a kan hukumomi.

2. Don Me Romi?

Unguwar Romi tana kudu da Kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, a ƙasar Gbagyi. Ta bunƙasa ne albarkacin masaƙun Kakuri, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, da kuma matatar man fetur da aka buɗe a 1980. A can na tashi. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, maƙwabtanmu kuwa akwai Bajju, akwai Tibi, akwai Ibo, akwai Yarbawa, kuma Hausa ce ta haɗa mu duka a bakin famfo da filin ƙwallo. Mun bar unguwar a shekarar 2000, muka haye arewacin kogi, kamar yadda dubban Kiristoci suka hayo kudu. Saboda haka in na ɗauki Romi a matsayin wurin tsayawa, ba don ta fi sauran unguwanni laifi ba ne. Don daga can na fara ganin abin da zan faɗa ne.

3. Hankali a Kotu

Hausawa na cewa shari'a saɓanin hankali. Asalin maganar ba zagi ba ne. Tana nufin alƙali yana hukunci da shaida ne, ba da abin da zuciyarsa ta raya masa ba. Amma yau mun mai da ita uzuri.

Bari in fara da gida. Baffana ya yi shari'a da maƙwabcinsa a kan iyakar fili, abin da bai wuce taku uku ba. Shekara tara suna zarya. Yau lauya ya yi tafiya, gobe an yi wa alƙali canjin wurin aiki, jibi takarda ta ɓace. Abin da kowannensu ya kashe ya isa ya sayi fili sukutum. Maƙwabcin ya rasu ba a yanke hukunci ba. Bayan sadakar arba'in 'ya'yansa suka zo tare da mai unguwa, aka ja igiya aka raba takun nan uku biyu, tsakanin la'asar da magariba aka gama. Wannan ƙaramin misali ne. Babbansa yana gidajen yari, inda alƙaluman hukumar gidajen kanta suka sha nuna cewa kimanin biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna. Cikinsu akwai wanda ya riga ya zauna fiye da wa'adin da za a yanke masa da an tabbatar da laifin.

In muka hau sama, abin bai sāke ba. A zaɓen 1979 doka ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohin kuwa 19 ne, kuma ɗan firamare ya san 19 ba ta rabuwa uku ba saura. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗi a jihohi 12, a Kano ya sami ɗan ƙasa da kashi 20 cikin 100. Sai ga ƙasa guda ta tsaya cak tana jiran Kotun Ƙoli ta gaya mata ko jiha tana gutsuruwa. Ba ina tuhumar hukuncin da aka yanke ba ne. Ina tuhumar manyan masanan da suka rubuta dokar ba tare da ɗayansu ya yi wannan ɗan lissafi ba.

Bayan shekara 44, a 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 a zaɓen gwamnan Kano, bisa dalilin cewa takardun ba su da hatimi ko sa hannun jami'i. Watau laifin ma'aikaci aka ɗora wa mai jefa ƙuri'a. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan haka, sa'an nan takardar hukuncinta ta fito da sakin layi mai faɗin akasin abin da aka karanta a zaure, aka ce kuskuren rubutu ne. Sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un. A watan Mayu na shekarar kuma, kan rikicin sarautar Kano, kotun tarayya da kotun jiha suka ba da umarni masu karo da juna, aka wayi gari birni ɗaya da sarki biyu, 'yan sanda ba su san wace takarda za su bi ba.

Lokacin da nake karatu a Ingila na ji lauyoyinsu suna da wani ma'auni, watau su tambayi kansu yadda talaka mai hankali, wanda ke zaune cikin motar haya ta unguwar Clapham, zai ga al'amarin. Malaman fiƙihunmu ma sun san maslaha, sun san al'ada, sun fifita sulhu. Mun gaji hanyoyin biyu, amma ban ga wanda ke tambayar ra'ayin mai zaune cikin motar Sabon Tasha ba.

4. Hankali a Siyasa

A 1979 mutanen tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina, suka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP gwamna, suka kuma ba NPN rinjaye a majalisa. Mai hankali zai karanta wannan a matsayin umarni daga jama'a cewa ku zauna ku daidaita. Ba a daidaita ba. Majalisa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa, jiha ta yi kusan shekara biyu ba majalisar zartarwa, har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Kowane ɓangare yana da ayar tsarin mulki da yake riƙe da ita. Babu wanda ya riƙe dabaibayi.

Amma misalin da ya fi ci mini rai shi ne na shekarar 2000. Ku tuna, a lokacin majalisar jiha kwamiti kawai ta naɗa don jin ra'ayin jama'a kan batun shari'ar Musulunci. Ba a rubuta doka ba, balle a zartar. Masu goyon baya suka yi ta gangami, masu adawa suka fito nasu jerin gwano ranar 21 ga Fabrairu, hukuma kuwa ba ta raba hanya ba, ba ta tanadi isassun jami'ai ba. Cikin 'yan kwanaki, da abin da ya sake tashi a watan Mayu, an rasa rayuka fiye da 1,000. Daga bisani, a Nuwamban 2001, gwamnatin Alhaji Ahmed Maƙarfi ta fito da tsarin kotuna iri uku: kotun shari'a ga Musulmi, kotun al'ada ga masu son ta, da kotun majistare ga kowa. Tambayata ita ce, wane sabon ilmi aka gano tsakanin Fabrairun 2000 da Nuwamban 2001? Babu. Wannan mafita tana nan tun farko, dattawa goma a zaure ɗaya za su iya kai wa gare ta. Sai da aka cika kaburbura sa'an nan aka zauna.

A watan Agusta na 2002 shugabannin addinan biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan haka, wani rubutu na rashin tunani a jarida kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya sake tayar da garin, mutum fiye da 200 suka mutu, galibinsu ba su taɓa ganin jaridar ba. Sakamakon duk wannan shi ne kogin da Allah ya yi don a sha ya zama iyaka. Yaron da aka haifa a Romi bayan 2000 zai iya girma bai taɓa cin tuwon sallah a gidan maƙwabci ba, takwaransa na Rigasa kuma bai taɓa cin shinkafar Kirsimeti ba. Kowannensu yana jin Hausa, amma labarin ɗan'uwansa a bakin 'yan siyasa yake jin sa.

5. Hankali a Tsaron Jama'a

Kowa ya haddace cewa rigakafi ya fi magani. To, mu duba. A watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka. A watan Afrilu aka sace na Jami'ar Greenfield, cikin Chikun. Ranar 5 ga Yuli aka kwashi yara fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist, ita ma cikin Chikun, tafiya kaɗan daga Romi. Gargaɗi uku cikin wata biyar. Duk da haka a watan Maris na 2024 aka shiga Kuriga, a ƙaramar hukumar nan dai, aka kora yara daji da safe. Haka jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna: an dasa wa layinsa abin fashewa a Oktoban 2021, aka gyara aka ci gaba, har ranar 28 ga Maris 2022 aka kai harin da ya ci rayuka, aka tafi da fasinjoji masu yawa. Ministan sufuri na lokacin ya fito ya ce ya nemi a sayi na'urorin sa ido ba a amince ba. Ihu bayan hari ke nan. Ranar 3 ga Disamba 2023 kuma, a Tudun Biri, jirgin soja maras matuƙi ya jefa bom kan masu taron Mauludi, aƙalla mutum 85 suka rasu. Na'urar ta gani sarai, amma ai hankali ke gani, ido gululu ne. Da an tambayi dagaci ɗaya, da ya faɗi ko taron mene ne.

Kada kuma mu talakawa mu wanke kanmu. Duk wanda ya tashi kusa da matata ya san tankar mai, ya san abin da tartsatsi ɗaya ke yi. A Majiya ta Jihar Jigawa, a Oktoban 2024, tanka ta faɗi, jama'a suka ruga da bokitai, mutum fiye da 150 suka ƙone. Wata uku kacal bayan haka, a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, aka maimaita, fiye da 80 suka tafi. Na san yunwa, na san abin da tsadar mai ta jawo tun 2023, kuma ba zan yi wa mamaci gori ba. Amma dole a tambaya: don me ake jigilar wuta a kan titi ta tsakiyar garuruwa alhali an shimfiɗa bututu tun shekarun 1970? Ina motar kashe gobara? Talaka ya yi wautar minti goma, hukuma ta yi ta shekara da shekaru.

6. Kammalawa

Shugaba, in an lura, a duk misalan nan ba a rasa masu digiri ba, ba a rasa doka ba. Abin da aka rasa shi ne mai cewa a dakata. Saboda haka shawarwarina uku ne, kuma babu mai tsada a ciki. Na farko, ƙananan rigingimun fili da bashi da gado su fara biyawa ta zauren sulhu, a ba masu unguwanni da dagatai matsayi a doka, kada a buɗe fayil sai sulhu ya gagara. Na biyu, duk dokar da za ta shafi zaman jama'a a fassara ta zuwa Hausa da Gbagyi da sauran harsunanmu, a karanta ta a kasuwa kafin a zartar, domin abin da ya gagari fassara sau da yawa ma'ana ce ba shi da ita. Na uku, mu malamai mu daina yaye ɗaliban da suka iya haddar sashe da ƙaramin sashe amma ba su iya tambayar amfaninsa ba.

Kwanakin baya na koma Romi, na tsaya ƙofar gidan da na tashi. Wata tsohuwa, maƙwabciyarmu ta dā, ta gane ni, ta kira ni da sunan yarinta, ta tambayi lafiyar mahaifiyata. Da zan tafi ta ce, "Ɗana, ka gaida gida, ka haye gada a hankali." Ban sani ba ko tuƙi take nufi ko wani abu dabam. Ni dai na ɗauke ta duka biyun.

 Allah ya ba mu kwanciyar hankali.