Kwana a gidan Kawsan, da tambayar da ta zo mana daga Tsafe

Bayan shirin makon jiya, wani ɗan'uwa daga Tsafe ya turo saƙon murya da ɗan zafinsa. Ya ce ya ji ana maganar mayar da tsofaffin gidajen sarauta otal, to wannan ba zubar da mutuncin iyayen ƙasa ba ne? Yau a kan wannan za mu tsaya.

In aka ce fada ta koma otal, yawanci Indiya ake kawowa misali. Fadar Rambagh da ke Jaipur ta zama otal tun 1957, kuma da gwamnatin Indira Gandhi ta soke kuɗin da ake ba sarakunansu a 1971, gidajen sarauta da yawa suka bi sahu don su iya riƙe gine-ginensu. Amma ba sai mun je can ba. Ga Agadas nan a Nijar, inda Hausa kake ji a kasuwa kamar kana Gusau.

Daura da babban masallacin Agadas, mai hasumiyar nan ta ƙasa mai tsawon mita 27, akwai Hôtel de l'Aïr. Mutanen garin fadar Kawsan suke ce masa. Kawsan shi ne jagoran Abzinawa da ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a garin daga Disamba 1916 har Maris 1917, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Da Faransawa suka kawo ɗauki daga Damagaram, sun kashe mutane da yawa, har da malamai. An kashe Kawsan a Murzuk ta Libya a 1919, Tagama kuma ya rasu a tsare a Damagaram a 1920.

Na taɓa kwana biyu a wannan gida, ta hanyar Illela da Ƙonni da Tawa muka bi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babban zauren da ake cin abinci. Bango ne mai kauri, ga bakan gizo a sama, da rana tsaka kana shiga sanyi ya rufe ka, babu ƙugin janareta. Da yamma ka hau soro, hasumiyar tana gabanka, ana kiran magariba. Kuma wallahi ina zaune ina tunanin cewa shekara da shekaru, jikokin waɗanda Kawsan ya yaƙa suna zuwa nan suna zaɓar abinci. Don haka ɗan'uwana na Tsafe, na gane abin da ke damunka sarai.

Sai dai ka tambayi kowane magini: ginin ƙasa ba ya son kaɗaici. Yana son yaɓe kafin damina, a duba indararo, a canza azarar da gara ta ci. Damina biyu ko uku babu mai kula, rufi ya rufta, sai magada su ce a rushe a yi shaguna. Mu nan mun sha gani. Zauren da kakanni suka yi shari'a a ciki ya koma wurin cajin waya, ko a zuba bulo da kwano a ce an yi gyara. Gidan Kawsan yana tsaye ne saboda akwai mai shara, akwai mai yaɓe, akwai kuɗin ɗaki da ke biyansu. A 2013 UNESCO ta saka tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya.

Ni ra'ayina, fadar da sarki ke zaune cikinta ba ta cikin wannan magana. Fadar Sarkin Katsinan Gusau, ta 'Yandoton Tsafe, ta Sarkin Fulanin Bungudu, wurare ne da talaka ke kai kuka, ana sasanta aure da gado da iyakar gona. Ba za ka sa wa wannan farashin kwana ba. Ko Kano haka suka yi: Gidan Rumfa yana nan fada, Gidan Makama da aka gina a ƙarni na 15 shi ya koma gidan tarihi. Ina magana ne kan gidajen da aka tashi aka bari, tsofaffin gidajen hakimai, da gine-ginen kamfanoni na zamanin gyaɗa da auduga bayan jirgin ƙasa ya iso Gusau. Kuma ba lallai sai irin otal ɗin da muke ƙyama ba. Masaukin baƙi mai sharuɗɗa, babu giya, zaure a buɗe ga 'yan makaranta kyauta, gidan ya ci gaba da zama mallakar zuriyar. Ai saukar baƙo a gidan sarki daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa, kuɗi ne kawai ba a karɓa.

To amma wa zai zo ya kwana? Nan gizo ke saƙar. Agadas kanta, da tawaye ya ɓarke a 2007, aka kuma sace ma'aikata Turawa a Arlit a 2010, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, masu jagoran baƙi da maƙeran azurfa suka rasa ciniki. Mu kuwa kun san yadda gaban mutum ke faɗuwa tsakanin Funtuwa da Tsafe. Ga Dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bungudu, ga 'Yandoto da ta yi suna da malamai tun kafin jihadi, amma ko ɗan Gusau sai ya tambayi labarin hanya kafin ya fita. Duk ɗan siyasar da ya zo mana da zanen otal ɗin tarihi a kwamfuta, mu fara tambayarsa maganar hanya.

Tsorona shi ne ranar da zaman lafiya zai dawo, a duba a ga babu ginin da ya rage. Shi ya sa nake roƙon matasan Gusau, Tsafe da Bungudu, kowa ya duba unguwarsu. In akwai tsohon soro ko zaure, ku nemi izinin masu gida tukuna, ku ɗauki hoto, ku tambayi dattawa wa ya gina shi, zamanin wane sarki, ku turo mana kafin ruwa ya sauka. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zauna da wani tsohon magini ya faɗa mana nawa yaɓen zaure ɗaya ke ci a yanzu.