Tsagar Daɓen Kankare: Mai Rai da Matacciya

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, magina da birkiloli, manoma da 'yan kasuwar hatsi, da ɗaliban da na hango can baya, ina yi muku barka da zuwa.

Da aka ce in yi magana a kan gyaran tsagar kankare, wani abokina ya yi dariya, ya ce wannan ai matsalar Turawa ce, masu ƙanƙara. Na ce masa ya bi ni mu zaga Kafur, mu leƙa Masari da Mahuta da Gozaki, mu shiga azuzuwan firamare da sito-siton masara, mu duba farfajiyar masallatai da kan kwalbatoci. In ya sami daɓe goma a jere da babu tsaga, ni zan biya kuɗin mai. Har yau bai zo ba.

Amma yana da 'yar gaskiyarsa, don haka bari in fara da masu ƙanƙarar. A Kanada da Rasha da arewacin Amurka, ruwa kan shiga tsaga da rana, dare ya yi ya daskare. Ruwa kuwa in ya zama ƙanƙara yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya tura bakin tsagar kamar an buga mata tsinke. Gari ya waye ya narke, wani ruwan ya shiga, dare ya sake yi. A hunturu guda ana iya yin haka sau da dama, ga kuma gishirin da suke watsawa a titi yana cin rodi. Maganin da suka gano a shekarun 1930 a Amurka shi ne a zuba wani sinadari da zai bar ƙananan kumfar iska a cikin kwaɓin, don ƙanƙara ta sami wurin miƙe ƙafa. Tsagar da ta riga ta faru kuwa, sukan faɗaɗa ta da injin, su busar da ita, su ɗura mata kwalta mai haɗe da roba kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Abin da nake so mu ɗauka daga wurinsu bai wuce wannan ba: ba sa taɓa tsaga sai sun san abin da ya kawo ta, da ko tana motsi.

Mu a nan ruwa ba ya daskarewa. Abokin gabarmu hunturu ne ta wata fuskar. A Disamba da Janairu, da asuba mutum na rawar ɗari, da azahar kuma in ka taka daɓen da rana ta buga ba takalmi sai ka ɗage ƙafa. Kankare yana miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi. Daɓe mai tsawon mita 10, in zafinsa ya sauya da digiri 20, zai yi motsin kusan milimita 2. Kaɗan ne a ido, amma kullum ne, safe da yamma. Ban da wannan, sabon kankare kan tsuke yayin da yake bushewa, wajen rabin milimita a kowace mita. Shi kuma kankare jarumi ne wajen ɗaukar nauyi, rago ne wajen ja: ƙarfinsa na jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa na jure danni ba. Saboda haka tsagewa dole ce. Abin da ke hannun magini shi ne ya zaɓa masa inda zai tsage.

Ga inda muke cutar kanmu. Yaushe manomin Kafur ke yin gini? Bayan kaka, in an sayar da masara da dawa da auduga da waken soya, kuɗi sun shigo. Wato daidai lokacin da iskar hunturu ta fi bushewa. A zuba kankare da hantsi, iska ta bi ta kansa tana tsotse ruwan da ke samansa kafin na ƙasa ya taso, la'asar ba ta yi ba fuskarsa ta yi zane-zane kamar tafkin da ya ƙafe. Lebura kuma ya ga kwaɓi na yi masa tauri a shebur, sai ya ƙara ruwa. Tun 1918 wani Ba'amurke mai suna Duff Abrams ya nuna cewa ƙarfin kankare yana rataye ne a kan yawan ruwan da aka zuba wa siminti: ruwa ya yi yawa, ƙarfi ya ragu. Buhu mai kilo 50, jarka ɗaya mai lita 25 ta ishe shi, in yashin da lema ma a rage. Ku faɗa mini tsakani da Allah, birkiloli, jarka nawa ake zubawa? Na ga wasu na sunkuyar da kai.

Kuma kada a ɗora wa kamfani laifi. Ko simintin Sakkwato ne, ko na Ashaka, ko na Obajana, in ka shayar da shi ruwa kamar kunu, ka haɗa shi da yashin rafi mai laka, ka hana shi ban-ruwa, sakamakon ɗaya ne.

Shekarun baya an kira ni in duba wani sito a yankin nan. Mai shi ya ce sau uku yana gyara tsaga guda, sau uku tana dawowa. Na durƙusa na duba. An dama ruwan siminti an shafe ta, shafi a kan shafi, har ya yi tudu kamar tabon kuturta. Na sa farce na ɓamɓaro shi, ya taso kamar ɓawon gyaɗa. A ƙarƙashi ga ƙura, ga ƙwayoyin masara da suka faɗa, ga ƙwari na kai da kawo. Na ɗauki guntun rodi ina bubbuga daɓen. Can gefe yana amsawa da ƙarfi, da na matso kusa da tsagar sai ya koma kamar ganga. Ƙarƙashin rami ne. Gara ta cinye wani kututture da aka bari a cikin ciko, ƙasa ta zauna, daɓe ya rage a rataye. Buhunan layin ƙasa kuwa duk sun ja danshi a damina, masarar ta yi funfuna. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sito, abin da ke shiga ya fi ƙadangare ɓarna, domin funfunar masara na iya haifar da gubar da ke lalata hanta.

To, yaya ake gane tsaga? Iri biyu ce, mai rai da matacciya. Matacciya ita ce wadda ta faru sau ɗaya, galibi a makonnin farko, ta tsaya. Mai rai tana buɗewa tana rufewa da zafi da sanyi, ko tana ƙaruwa saboda ƙasa na motsi, musamman laka ta bakin fadama, wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani. Gwajin ba ya cin ko kwabo. A ɗan shafa kwaɓin siminti siriri a gicciye a wuri biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe, a dawo bayan mako uku ko huɗu. In shafin ya dare, tsagar na da rai. Sannan a ɗora miƙaƙƙen katako a kanta: in gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, matsalar a ƙasa take, ba a daɓe ba.

Matacciya gyaranta siminti ne, amma ba shafi ba. A sa guduma da cizal a buɗe ta, zurfin kamar santimita 2, a share ƙura tas, a jiƙa ta tun da daddare don kada tsohon kankare ya shanye ruwan sabo. Da safe, tana da danshi amma ba ruwa kwance, a goga mata ruwan siminti mai kauri, kafin ya bushe a cusa kwaɓi na siminti ɗaya yashi uku, mai tauri, wanda in ka dunƙula shi a hannu zai tsaya. A danna, a daddaɓe. Sai a rufe da buhun algarara jiƙaƙƙe har kwana bakwai. Wannan kwana bakwai ɗin shi ne aikin. Shi ne kuma abin da ake tsallakewa, don birkila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, mai gida kuma na ganin ruwan ɗan garuwa tsada.

Mai rai kuwa, in ka cika ta da siminti ka yi aikin banza, za ta dare a wurin ko ta buɗe sabuwa a gefe. Abin da take so shi ne abu mai miƙewa da takurewa. A yanka mata hanya mai faɗin kamar santimita ɗaya, a tabbatar ta bushe ƙayau, a cusa igiya ko soso a ƙasa don kada abin cikon ya zurare, sannan a ɗura narkakkiyar kwalta a watsa yashi a kai. Ku lura, wancan gyaran yana son lema, wannan yana son bushewa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, Fabrairu zuwa Maris, ƙasa ta gama tsukewa, tsaga ta buɗe baki, ruwan farko bai sauka ba. Amma a daɓen shanya, inda hatsi ke taɓa ƙasa kai tsaye, ban yarda da kwalta ba, domin rana na narkar da ita ta manne a abinci. A nemi roban cike gaɓa da ake matsowa daga kwalba a shagunan kayan gini na Funtuwa ko Zariya ko Kano. Baƙin man mota kuwa kada ya kusanci wurin abinci ko da wasa.

Inda daɓe ya zauna ko yake amsa ganga, babu wata dabara: a fasa wurin, a tono kututture da gidan gara, a yi ciko da marmara kaɗan-kaɗan ana dannawa, a sake zubawa.

Iyayenmu mata da suke daɓe da marmara da makuba, suna bugu da madaɓi suna yayyafa ruwa kwana da kwanaki, sun san danni, sun san ban-ruwa. Abin da siminti ya zo da shi sabo, tun da Joseph Aspdin ya yi masa rajista a Ingila a 1824, shi ne buƙatar gaɓa. Daɓen kauri santimita 10, a raba shi gida-gida, kowane gida kada ya wuce mita 3, a tsaga layin da zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, tun yana ɗanye ko washegari da sassafe. A jikin bango da ginshiƙi a sa siririn katako ko soso, kada a haɗe su. A shimfiɗa leda a ƙasa kafin zubi, ta tare danshi. In da hali a yi zubin da yamma, a kafa zana ta gefen da iska ke bugowa, wato gabas da arewa, a rufe shi da zarar ya ɗauki taki.

Ga masu ba da kwangilar azuzuwa da rumfunan kasuwa, roƙona ɗaya ne: a rubuta gaɓa da ban-ruwan kwana bakwai a cikin takardar aiki, a riƙe wani kaso na kuɗin har daɓen ya ga hunturu ɗaya da damina ɗaya.

Shugaban taro na duban agogo. Na zo da guduma da cizal da guntun rodi, kuma na lura barandar zauren nan tana da tsaga biyu. Bayan tambayoyi, wanda ke so ya same ni a can, mu bubbuga mu ji wacce ce mai rai.