Jawabi a gaban ɗalibai: Ina masu digiri suke zuwa?



Tun kafa jami'ar Yamai a 1971, ɗalibi bai san zullumin neman aiki ba, domin gwamnati ce ke ɗaukar kusan duk wanda ya kammala. Tsarin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990 ya rufe wannan ƙofa. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara huɗu. Masu digiri sun yawaita, guraben gwamnati ba su bi su ba.

Saboda haka ofishin da ke nuna wa ɗalibi hanyar aiki ya zama wajibi. Amma da me za a auna shi? Yawan taro da rabon takardu ba ma'auni ba ne. Ma'auni shi ne a bi sawun ɗaliban bayan shekara guda: nawa suka samu aiki, nawa suka kafa sana'a, nawa ke zaune gida bayan bautar ƙasa? Jami'a ta buga lissafin kowace shekara, tsangaya-tsangaya, domin uban da ya sayar da gero ya biya karatu yana da haƙƙin sani.