Matarka da Waƙoƙin Ƙungiyar MGMT



Tambayar da wannan lacca za ta bi diddiginta ita ce: in matarki ya yanke wa waƙa hukunci, shin waƙar ya auna, ko kuwa abin da ya sa rai zai ji? Misalin da za a kafa hujja da shi daga Amurka yake, watau ƙungiyar makaɗa ta MGMT, wadda Andrew VanWyngarden da Ben Goldwasser suka kafa a 2002 suna ɗalibai a Jami'ar Wesleyan. Irin kiɗansu shi ake kira saikedelik, salon da ya samo asali a shekarun 1960, inda ake karkata sauti, a ja shi, a cika shi da amo, har mai sauraro ya ji kamar mafarki yake yi ido biyu. Ana kuma lissafa su cikin makaɗa masu cin gashin kansu, ko da yake tun 2006 suka shiga hannun babban kamfanin Columbia.

Faifansu na farko, Oracular Spectacular, ya fito a 2007. Waƙoƙi uku ne suka ɗaga shi: "Time to Pretend" da "Electric Feel" da "Kids", dukkansu masu sauƙin amshi da daɗin rawa. Mujallar NME ta Ingila ta zaɓe shi gwarzon faifan 1 na shekarar 2008, mujallar Rolling Stone kuma ta sa shi cikin manyan faya-fayai 500 a jerin da ta buga a 2012. Har jam'iyyar Nicolas Sarkozy a Faransa ta yi amfani da "Kids" a tarukanta ba izini, sai da ta biya diyya a 2009. Abin lura shi ne jigon "Time to Pretend" habaici ne ga rayuwar shahararrun mawaƙa, da dukiyarsu da shaye-shayensu, amma jama'a da yawa suka ɗauke ta waƙar murna. Ashe tun daga nan an so su ne a kan abin da ba shi suke nufi ba.

A 2010 sai ga Congratulations. Makaɗan suka ɗauko Pete Kember, tsohon ɗan ƙungiyar Spacemen 3, ya taya su tsara shi, suka kauce wa amshi mai saurin kama baki, suka sa waƙar "Siberian Breaks" mai tsawon minti 12, wadda ke sauya kari sau da dama. Faifan ya hau mataki na 2 a jerin cinikin Billboard, amma matarka suka rabu biyu. Wasu suka ce butulci ne ga masoya, kuma kashe kasuwa ne da gangan. Wasu suka yaba ƙarfin halin. In aka duba da kyau, ɓangarorin biyu duk hali da niyyar makaɗan suke tattaunawa. Kaɗan ne suka tsaya kan zubi da tsarin waƙoƙin, alhali nan ne aikin tarke yake. Wanda ya saurari "Siberian Breaks" a natse zai ga ba rikicewa ba ce, gaɓoɓi ne aka jera, kowace tana buɗe wa ta gaba ƙofa. Daga baya matarka da dama sun dawo suna ɗaukaka faifan, ba tare da an sauya ko ɗigo ɗaya a cikinsa ba.

Faifai na uku, na 2013, bai sami karɓuwa sosai ba, kuma a gaskiya sukar tana da tushe, don amon ya danne karin waƙa. Little Dark Age na 2018 shi aka yi wa kirarin komowa gida, saboda amshi ya dawo. Sai dai hukuncin da ya fi tasiri a kansa bai fito daga alƙalamin kowane matarki ba. A 2020, lokacin kullen annobar korona, matasa suka riƙa ɗora waƙar da faifan ya ci sunanta a kan gajerun hotunan bidiyo na TikTok, ta bazu ga miliyoyin da ba su taɓa karanta sharhin kowace mujalla ba. Da Loss of Life ya fito a 2024, ƙungiyar ta riga ta bar Columbia ta koma ƙaramin kamfanin Mom + Pop, matarka kuwa suka karɓe shi hannu bibbiyu, duk da cewa shi ma ba kiɗan rawa ba ne.