TSARA ƘWAYAR MANHAJAR MANYAN KWAMFUTOCI: DARASI GA ƊALIBI DA MA'AIKACIN GWAMNATI



Gabatarwa

A ƙarshen kowane wata, malamin firamare a Bukkuyum, da malamin asibiti a Gummi, da akawu a sakatariyar Anka, kowannensu yakan ƙura wa wayarsa ido yana jiran saƙon banki. A zamanin En'e ma'aji ne yakan ƙirga wa mutum albashinsa a hannu, shi kuwa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar biya. Yanzu kuwa albashi ya zama lambobi masu ratsa kwamfutocin da mai albashin bai taɓa gani ba. Daga cikin irin waɗannan na'urori akwai wani jinsi da manyan bankunan duniya da kamfanonin jiragen sama da hukumomin haraji suka daɗe suna dogara da shi, watau babbar kwamfuta, wadda aka ƙera domin ta ɗauki lissafin dubban mutane a lokaci guda, dare da rana, ba hutawa.

Wannan lacca za ta duba wani aiki guda da ake yi wa irin wannan na'ura kafin a ɗora mata amanar dukiyar jama'a, watau zaɓen abubuwan da za a sa da waɗanda za a bari a cikin ƙwayar manhajarta. A ido aikin injiniya ne. Amma idan aka duba da kyau za a tarar aikin mulki ne, irin wanda duk wanda ya taɓa riƙe ofis ya san nauyinsa.

Mece Ce Ƙwayar Manhaja?

Kwamfuta ƙarfe ce da waya, ba ta san komai ba sai abin da aka umarce ta. Jerin umarnin da ke tafiyar da ita baki ɗaya shi ake kira manhajar gudanarwa. A can tsakiyar wannan manhaja kuwa akwai wani sashe da ake kira ƙwaya, kamar dai ƙwayar gyaɗa a cikin ɓawonta. Ƙwaya ita ce ke fara tashi idan an kunna na'ura, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya. Ita ke raba wa kowane aiki lokacinsa da wurinsa a ƙwaƙwalwar na'ura, ita ke magana da faifan ajiya da injin buga takarda da layin sadarwa, ita ke hana wani aiki leƙa takardun wani. A taƙaice, matsayinta matsayin sakatariya ne a ƙaramar hukuma. Manomi ba ya ganin yawancin abin da ake yi a ciki, amma ranar da ta tsaya, taki ba zai iso gare shi ba.

To, ba a sayar da sakatariya a kasuwa. Lokacin da aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, dokokin aikin gwamnati ba su sake ba, amma tilas ne wasu mutane suka zauna suka yanke yawan ma'aikatun da za a buɗe a Gusau, da guraben da za a cike, da waɗanda za a dakata da su har a sami hali. Ƙwayar manhaja ma haka take. Rubutunta na asali ɗaya ne, amma kafin a harhaɗa ta sai an amsa tambayoyi masu yawa game da na'urar da za ta hau da aikin da za ta yi.

Tarihin Aikin a Taƙaice

A ranar 7 ga Afrilu, 1964, kamfanin IBM na Amurka ya sanar da jerin kwamfutoci masu suna System/360. Sabon abin da suka zo da shi shi ne, ƙarama da babba duk harshensu ɗaya, saboda haka ma'aikatar da ta fara da ƙarama tana iya komawa babba ba tare da ta sake rubuta shirye-shiryenta ba. Sai dai wannan alheri ya zo da tasa wahalar. Ɗaya daga cikin ƙananan, mai lamba 30, iyakar abin da ƙwaƙwalwarta ke ɗauka shi ne haruffa dubu 65 da 'yan kai, abin da bai kai nauyin hoto guda na wayar hannu ba. Manhajar da za ta gamsar da manya ba za ta shiga cikinta ba.

Saboda haka aka fito da manhajar OS/360 iri uku. Akwai PCP, mai yin aiki ɗaya a lokaci guda. Akwai MFT, mai yanka ƙwaƙwalwa gida-gida tun da farko, kowane aiki da ɗakinsa. Akwai kuma MVT, mai ba kowane aiki gwargwadon abin da ya nema, wadda ita sai babbar na'ura. Kamfani yakan aiko da manhajar a kan tef, ma'aikatan wurin kuma su rubuta amsoshinsu a kan katuna masu huda, kowane kati mai gurbin harafi 80: faifai nawa ne, a wace lamba kowanne yake, injin buga takarda wane iri ne. A mataki na farko na'ura takan karanta katunan ta fitar da jerin ayyukan da za a yi, a mataki na biyu kuma ta gudanar da su, abin da kan ci sa'o'i masu yawa. Wanda ya kuskure lamba ɗaya yana iya kwana a ɗakin na'ura, gari ya waye ya tarar sai an koma farko. Frederick Brooks, wanda ya shugabanci aikin rubuta OS/360, ya bayyana irin wuyar da aka sha a littafinsa The Mythical Man-Month na 1975.

Nijeriya ba ta yi nisa da wannan tarihi ba. Tun 1963 IBM ya buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma, cibiyar kwamfuta tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A shekarar 1978 ɗin ne IBM ya sanar da janyewa daga ƙasar saboda dokar 1977 ta mallakar hannun jari ga 'yan ƙasa. Darasin a fili yake: kamfani yana iya tafiya, na'ura kuwa tana nan, kuma ba ta da mai kula da ita sai ɗan ƙasar da ya san yadda aka tsara ta.

Amsoshi Uku

A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ƙwayar da ake kira Linux, ya kuma bar rubutunta a buɗe ga kowa. A watan Disamba na 1999 IBM ya fitar da gyare-gyaren da suka ba ta damar hawa manyan kwamfutocinsa. Abin mamaki a nan shi ne, wayar Android da ɗan kasuwa ke riƙe da ita a kasuwar Gummi, ita ma a kan wannan ƙwaya take tafiya. Tushe ɗaya ne, amsoshin da aka ba tambayoyin ne suka bambanta.

Tambayoyin sun haura dubu goma, amma ba a amsa su ɗaya bayan ɗaya. Akan ɗauki jerin amsoshin da masana suka tanada wa kowane jinsin na'ura, sannan a gyara abin da ya kamata. Ga mafi yawansu kuwa amsa ba ta wuce uku. Harafin y yana nufin a gina abin a jikin ƙwaya, kamar ma'aikacin dindindin wanda kullum yana ofis, yana cin wuri da albashi, ko da aiki ko babu. Harafin m yana nufin a gina shi a gefe a ajiye kan faifai, sai buƙata ta taso a ɗauko shi, kamar leburan da ake kira ranar da za a yashe kwata. Harafin n kuwa yana nufin babu gurbin sam.

Mai ƙaramin sani yakan ce, to, me zai hana a amsa y ga komai a huta? Dalili biyu ne. Na farko, ofishin da ya cika da ma'aikata marasa aiki nauyi yake yi. Na biyu kuma ya fi muhimmanci: kowane sashe da aka sa ƙofa ce, kuma kowace ƙofa tana iya zama da tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babbar kwamfutar banki ba ta da kyamara, ba ta da lasifika; sa mata sassan kula da su ba abin da zai ƙara sai hanyar ɓarawo.

Amsa m ga komai ita ma tana da nata tarkon. Sashen da ke karanta faifan ajiya, idan aka ajiye shi a kan faifan da shi ne zai karanta, an kulle makulli ke nan a cikin ɗakin da zai buɗe. Na'ura za ta tashi, ta nemi faifai, ta rasa mai karanta mata, ta tsaya cik. Maganin abin shi ne a gina sashen a jikin ƙwaya, ko kuma a sa shi cikin wani ɗan ƙunshi da ake lodawa tare da ita tun farkon tashi.

Zaɓin da Ya Fi Nauyi

Daga cikin tambayoyin da suka keɓanta da manyan kwamfutoci, wadda ta fi jawo asara ita ce ta zamanin na'ura. IBM yakan fitar da sabon samfuri bayan 'yan shekaru: z13 a 2015, z14 a 2017, z15 a 2019, z16 a 2022. Kowane sabo yana jin duk umarnin da na baya ke ji, da ƙarin wasu nasa. Ƙwayar da aka harhaɗa domin z13 za ta yi aiki a kan z16, sai dai ba za ta ci moriyar sababbin umarnin ba. Wadda aka harhaɗa domin z16 kuwa ba za ta tashi a kan z13 ba ko kaɗan.

Yanzu a ƙaddara wata ma'aikata tana da sabuwar na'ura a hedikwata, ta kuma ajiye tsohuwar a wani gari domin ranar gobara ko ambaliya. Injiniya mai son sauri ya zaɓi sabon samfuri, komai ya tafi daidai har shekara biyu. Ranar da masifa ta auku aka garzaya ga tsohuwar na'ura, sai ta ƙi tashi. Duk wanda ya taɓa raba kayan gwamnati a yammacin Zamfara ya san wannan lissafi: ba don kwaltar Anka zuwa Gummi ake zaɓen mota ba, don hanyar ƙauyen da za a shiga da damina ake zaɓenta. Akwai ma wata tambaya dabam da ke ba da damar a daidaita ƙwaya ta fi sauri a kan sabuwar na'ura ba tare da an hana ta hawa tsohuwar ba, kuma mai hankali ita yake amfani da ita.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Yawancin ma'aikatu ba sa harhaɗa ƙwaya da kansu, sukan sayi wadda kamfanoni irin su Red Hat da SUSE suka riga suka tsara. Da Red Hat ya fitar da bugu na 9 na manhajarsa a 2022, ya tsara ta daga z14 zuwa sama. Duk mai z13 da ke son wannan bugu, sai ya sake na'ura. Haka kuma a 2015 aka cire daga ƙwayar Linux sashen da ke ba ta damar hawa tsofaffin na'urorin kafin shekarar 2000. Amsa guda a wani ofis a ƙetare tana iya zama kasafin kuɗi mai nauyi a baitulmalin wata ƙasa.

Wata tambayar kuma ita ce ta wurin zama. Ba safai ake ba manhaja guda babbar kwamfuta ɗungurungum ba. Akan yanka ta kashi-kashi, ko kuma a sa wata manhaja mai suna z/VM ta zama uwar gida, ta karɓi baƙuncin ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci na ƙaddarawa a ciki guda. Ƙwayar da za ta zauna a matsayin baƙuwa tana bukatar sassan da za ta yi magana da mai masaukinta, in ba haka ba ta zama kurma a gidan mutane.

Rubuta Abin da Aka Zaɓa

Duk amsoshin nan a cikin fayil guda ƙarami ake tara su. Na'ura tana iya cin miliyoyi, amma wannan fayil ɗin, wanda kowa ke iya bugawa a takarda, shi ne tarihin shawarar da aka yanke. Har akwai wata tambaya a cikin tambayoyin da ke cewa, shin ƙwaya ta riƙe kwafin amsoshinta a jikinta? Mai hangen nesa y yake amsawa, domin ma'aikaci yana ritaya, ana yi masa canjin wurin aiki, yana rasuwa. Wanda ya gaje shi bai kamata ya yi duba ba kafin ya san abin da aka yi.

Amma fayil yana faɗin abin da aka zaɓa ne kawai, ba ya faɗin dalili. Dalili sai an rubuta shi, kamar yadda jami'i ke rubuta bayani a gefen takarda ya sa hannu da kwanan wata. Bayan haka akwai ƙa'idoji biyu da ba a tsallake su. Ba a goge tsohuwar ƙwaya sai sabuwa ta tabbata, domin a sami wurin komawa. Kuma ba a gwada sabuwa ranar biyan albashi, sai a wani kashi na gwaji, tun da sauran lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Babbar kwamfuta ba mazauniyar sakatariyar ƙaramar hukuma ba ce, kuma ba a ce kowane akawu ya zama injiniya ba. Amma ma'aikacin da ke zaune a kwamitin sayen kaya, ko na'urar babba ce ko ƙarama, yana da haƙƙin ya yi tambaya huɗu kafin ya sa hannu. Wa ya tsara manhajar? Ina aka rubuta abin da ya zaɓa da dalilinsa? Za ta tashi a kan na'urar ajiya ranar da ta farko ta faɗi? Idan ɗan kwangila ya tafi, wane ma'aikaci ne a cikin gida zai iya maimaita aikin?

Ga ɗalibi kuwa, ƙofar da a 1964 take buɗe ga 'yan tsiraru masu izinin shiga ɗakin na'ura, yau a buɗe take ga kowa. Rubutun ƙwayar Linux kyauta ne, akwai kuma manhajoji na kyauta irin su QEMU da Hercules masu sa ƙaramar kwamfuta ta kwaikwayi babba. Yaron da ya taso a Anka ko Bukkuyum, idan ya sami tsohuwar kwamfuta da wutar da za ta riƙe ta, yana iya amsa tambayoyin nan da kansa, ya kuskure, na'ura ta ƙi tashi, ya gano dalili, ya gyara. Gara ya yi kuskurensa a can, inda ba albashin kowa a ciki.