Waƙafi da Ɗigo a Rubutun Alkaluma



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido, wato waƙafi da ɗigon da muke sakawa tsakanin alkaluma. Amma dukiyar mutane tana rataye a kansu.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwar Musawa da ya kai masara Maraɗi ta hanyar Jibiya. Mu a Nijeriya tsarin Ingila muka gada: dubu ɗaya da ɗari biyar 1,500 muke rubutawa, ɗaya da rabi kuwa 1.5. Abokin cinikinsa na Nijar tsarin Faransa ya gada: wajensa 1.500 shi ne dubu ɗaya da ɗari biyar, 1,5 kuma ɗaya da rabi. Akawu mai hankali ya san ba a yin lodin buhu ɗaya da rabi zuwa Maraɗi. Kwamfuta ba ta sani ba. In an saita ta bisa tsarinmu, ɗaya da rabi za ta karanta, ba kuwa za ta ce uffan ba.

Haka abin yake a Biyetnam, wadda ita ma Faransa ta mallaka: ɗigo ke raba dubbai, waƙafi ke nuna gutsure. Kuɗinsu, dong, dubu-dubu ake ƙirga shi, saboda haka manhajar da ta ɗauki 50.000 a matsayin hamsin ta yi ɓarna babba.

Wannan ruɗani ya girmi kwamfuta. A Nijar jaka sefa 1,000 ce. A nan fam 100 ce, ta koma naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Kalma ɗaya, adadi biyu.

A 2003 Babban Taron Ma'aunai na Duniya ya amince da ɗigo ko waƙafi don gutsure, dubbai kuwa a raba su da fili kawai. Ƙungiyar Unicode kuma tana da rumbun CLDR mai ɗauke da tsarin harsuna da ƙasashe, har da Hausa.

Saboda haka mai rubuta manhaja ya san ƙasar mai amfani da ita kafin manhajar ta karanta adadi, ta kuma nuna wa mutum abin da ta fahimta ya tabbatar. Ma'aikaci kuwa ya rubuta adadi da alkaluma da kalmomi, kamar yadda ake yi a cekin banki.